Gwajin hali ya ce ban dace da kasuwa ba, yaya zan gaya wa Alhaji?

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne, shekarata 26, a unguwar Zariya nake a nan Maradi. Na gama lisans a fannin lissafin kuɗi, aiki bai samu ba tukuna, sai mahaifina ya ce in zo in zauna shagonsa na atamfa da shadda a babbar kasuwa, tunda ni ne ɗan fari kuma ƙafa ta fara damunsa. Wata takwas ke nan. Kawu, kullum in na dawo gida ji nake kamar an yi mini duka. Ban iya ciniki irin nasa ba, in mace ta ce in rage sai in rage don kawai maganar ta ƙare. Alhaji yana cewa ni miskili ne, boko ya kashe mini zuciya. Kwanan baya wani abokina a fada ya turo mini gwajin hali a salula, na amsa tambayoyin da Faransanci, sakamako ya fito INFP. Da na karanta bayanin sai da na yi hawaye, kamar wanda ya rubuta ya san ni tun ina yaro. A ciki an ce irina ba su dace da saye da sayarwa ba, sun fi dacewa da rubutu ko koyarwa. Yanzu ina so in bar shagon, amma ban san ta inda zan fara gaya wa Alhaji ba. Yarinyar da nake nema ita ma ta yi, nata ya fito ESTJ, wani shafi ya ce ba za mu daidaita ba. Shin in yarda da gwajin nan?

Wa alaikumus salam, ɗana. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma duka biyun a wurin hawayen nan na tsaya. Ba zan raina su ba. Yaron da ya tashi ana ce masa miskili, ran da ya ga an zayyana halinsa babu zagi a ciki, har ana cewa akwai irinsa da yawa a duniya, dole zuciya ta karye. Wannan alheri ne na gaske, kuma shi ne babban abin da gwajin hali yake iya yi wa mutum: ya ba shi sunan abin da ya daɗe yana ji a jikinsa bai san yadda zai kira shi ba. Ka riƙe wannan. Amma barin shagon mahaifi da fasa neman aure manyan kaya ne, haruffa huɗu ba za su iya ɗaukar su ba.

Ya kamata ka san daga ina haruffan suka fito. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, shi ya fitar da ra'ayi a 1921 cewa akwai mutumin da hankalinsa ya fi karkata waje, wajen jama'a da abin da ke gudana, akwai wanda nasa ya fi komawa ciki. Wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, ta karanta ta kamu da son abin, ita da 'yarta Isabel Myers suka mayar da shi tambayoyi a shekarun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, don taimaka wa matan da suka shiga aikin masana'antu su sami gurbin da ya dace da su. Ba ilimin halayyar ɗan Adam suka karanta a jami'a ba, masu lura ne dai, masu naci. Ma'auni huɗu suka tsara, kowane da ɓangare biyu, kowane ɓangare da harafinsa, in an haɗa su sai su ba da iri 16, naka ɗaya ne daga ciki. Na asalin da kuɗi ake yin sa. Galibin masu yawo kyauta a salula kwaikwayo ne, kowane da nasa tambayoyin.

To ka tuna yadda ka yi shi. An tambaye ka, ka amsa. Babu wanda ya leƙa zuciyarka, babu wanda ya zo kasuwa ya ga zamanka. Abin da ka zuba shi aka auna aka maido maka a kwano mai kyau. Madubi ne, kuma amfanin madubi babba ne, don mutum ba ya ganin fuskarsa sai da shi. Sai dai in ka tsaya gabansa a gajiye, gajiyayye zai nuna maka. Kai kuwa ka tsaya gabansa bayan wata takwas na zaman da ba kai ka zaɓa ba, kalmar miskili tana yi maka amo a kunne. In aka tambayi mutum a wannan hali ko yana jin daɗin cuɗanya da jama'a, me kake tsammani zai ce?

Ni ma na taɓa yin irinsa, har sau biyu. Na farko a makon da muka yi rashin yayata, gida cike da masu gaisuwa tun asuba har bayan isha'i, sai wani ɗan ƙanena ya miƙo mini salula don ya ɗauke mini hankali. Ya fito da ni mai gudun mutane. Bayan wata shida na sake, harafi biyu suka canza, alhali ni ne dai. Masana sun daɗe suna sukar gwajin a kan wannan, cewa mutane da yawa in sun maimaita shi bayan 'yan makonni sai su faɗa wani iri dabam. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Hali kamar tsawo yake: dogaye ƙwarai kaɗan ne, gajeru ƙwarai kaɗan ne, mafi yawa suna tsakiya. Shi gwajin sai ya ja layi a tsakiyar, ya ce na dama iri ɗaya ne, na hagu wani iri. Mai 49 da mai 51 kusan abu ɗaya suka amsa, amma an raba su gida biyu, an ba kowa labarin rayuwa dabam. Shi kansa Jung ya ce babu mutumin da yake zallar mai karkata waje ko zallar mai komawa ciki. Ka koma ka duba sakamakonka, yawanci sukan sa kashi nawa cikin ɗari a gaban kowane harafi. In ka ga 55 ko 60, a bakin layi kake. In ka ga 85 ko 90, wannan magana ce da ya kamata ka saurara.

Sai batun "kamar ya san ni tun ina yaro". A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, daga baya ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga sakamakonka, ka ba shi maki daga sifiri zuwa biyar gwargwadon yadda ya dace da kai. Matsakaicin makin ya kai 4.3. Sannan ya bayyana musu cewa bayani ɗaya ya ba kowa, kuma yawancin jimlolin daga wani ɗan littafin taurari ya tsinto su. Maganganu ne irin su: kana so mutane su so ka, kana yawan ganin laifin kanka, kana da baiwar da ba ka ci moriyarta ba tukuna. Wa zai ce ba shi ba ne? Mu nan mun san dabarar tun da daɗewa, ita ce ta mai bugun ƙasa da zai ce maka akwai mai yi maka hassada a dangi, kuma kana da tafiya a gaba. Ban ce duk bayanin da ka karanta haka yake ba. Cewa na yi ka tace shi. Ka kwafe shi a takarda, ka ɗauki alƙalami, duk jimlar da ka ga za ta dace da kowa a fadarku ka soke ta. Abin da ya rage, wanda kai ne ba abokinka ba, shi ne ribarka, ko da jimla uku ce.

Akwai kuma abin da ya fi damuna da gwaje-gwajen nan in sun iso ƙasar Hausa. An rubuta tambayoyin ne don mutanen da tarbiyyarsu dabam take, aka juya su Faransanci, kai kuma ka juya su Hausa a cikin kanka kafin ka amsa. Ɗauki tambaya irin ta "kana yawan fara magana a cikin taro?" Wane taro? In zauren Alhaji ne, abokansa suna zaune, ɗa mai tarbiyya ba zai buɗe baki ba sai an tambaye shi, ko ido ba zai ɗaga ba. Ga shi kai ɗan fari ne, ka san alkunyar da ke tsakanin ɗan fari da iyaye a gidajenmu, har akwai uwar da ba ta kiran sunansa. In kuwa fada ce, ana shayi na biyu ana gardamar wa zai ɗauki takobin kokawa bana, wataƙila muryarka ake ji har bakin titi. Gwajin ba shi da gurbin kunya, ba shi da na kara, bai san kawaici ba, duk zai tattara ya kira su gudun jama'a. Masu bincike ma sun ci karo da irin wannan: a 2013 an buga wani nazari a kan mutanen Tsimane na dajin Bolibiya, aka tarar wani ma'aunin hali da ya yi aiki a kan 'yan boko na birane bai fito daidai a kansu ba. Saboda haka ka tambayi kanka: shirun nan nawa a ko'ina nake yin sa, ko a gaban Alhaji kaɗai? In a gabansa ne kaɗai, to zamanka da mahaifinka gwajin ya auna.

In kana son ma'aunin da masana suka fi amincewa da shi, akwai wanda ake kira manyan halaye biyar, shi kuma daga harshe ya fito. A 1936 wasu masana biyu, Allport da Odbert, suka bi ƙamus na Turanci suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Waɗanda suka biyo bayansu suka yi ta tacewa shekara da shekaru har suka ga kalmomin suna taruwa gida biyar: son sabon abu, tsari da riƙon alkawari, son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, sai saurin damuwa. Shi wannan ba ya rufe ka a akwati, inda ka tsaya tsakanin ƙasa da sama yake nuna maka a kan kowane ɗaya. Nakan yi tunanin da a ƙamus na Hausa aka fara aikin, da kunya da haƙuri da mutunci sun sami nasu gida. Abin da ya shafe ka a bincikensa shi ne, halin da ya fi nuna wanda zai yi kyau a kusan kowane irin aiki shi ne na biyun nan, tsari da riƙon alkawari. A kan ciniki kuwa, a 2013 wani masani, Adam Grant, ya bi diddigin masu tallar kaya ta waya su 340 a Amurka, ya tarar waɗanda suka fi kawo kuɗi na tsakiya ne, masu iya magana su kuma iya kama baki su saurara. Masu zuba ba ƙaƙƙautawa ba su fi masu shiru da wani abin kirki ba.

Ba ma sai mun je Amurka ba. Akwai wani dattijo mai sayar da yadi da na sani shekaru a nan cikin kasuwarku. In ka je, gaisuwa ce, sai ya nuna maka benci. Ka faɗi abin da kake so, ya miƙe ya sauko da bandir biyu ko uku, ya warware bakin kowane ya ɗora maka a gwiwa ka taɓa da hannunka. Ka taya, in bai yi ba ya ce "albarka", ya yi shiru. Ba ya rantsuwa, ba ya kiran ka ango ko babban mutum. In ya auna sai ya bar maka yatsa biyu a kan awo kafin ya sa almakashi. Mata masu haɗa lefe tun daga Tibiri da Madarunfa aiko 'ya'yansu suke yi da kuɗi a ƙulle, su ba sa zuwa, don sun san abin da ya faɗa shi ne. Da zai yi gwajinka, ina ganin harafinsa na farko irin naka ne, wato I na mai komawa ciki. Tun zamanin gyaɗa har fataucin Katsina da Kano, amana ce jarin da ya fi yawo a Maradi, kaya na miliyoyi kan tsallaka Ɗan Isa a kan kalma ɗaya. Kuma ka lura, a bayan Alhaji mai fara'a da ke bakin shago galibi akwai wani mai shiru riƙe da littafi.

Yanzu ga jimlar da ta fi kowace nauyi a wasiƙarka, kuma daga bakinka ta fito: "sai in rage don kawai maganar ta ƙare." Nan ciwon yake. Ja-in-ja ne ke ƙona maka rai, sai ka riƙa sayen zaman lafiya da ribar mahaifinka. Wannan kuwa bin ka za ta yi duk inda ka je. In ka zama malamin lakwal, uban ɗalibi zai zo ya matsa a ƙara wa ɗansa maki, za ka ƙara don maganar ta ƙare. In ka yi aure, haka. Ka ga inda gwajin ya yi maka rana in ka iya karanta shi: harafin F ɗin nan, mai tambayar zuciya kafin lissafi, mai son a rabu lafiya ko da shi za a cuta, ya nuna maka inda ɗakinka yake yoyo. Hausawa na cewa hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kashi 40 zuwa 50 na bambancin hali gado ne. Ka tuna Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais, da Annabi (SAW) ya ce masa yana da halaye biyu da Allah yake so, juriya da natsuwa. Ya tambaya ko shi ya koye su, aka ce masa a kansu aka halicce shi. Amma rabi rabi ne. Bincike ya nuna mutane suna ƙara tsari, damuwarsu tana raguwa yayin da suke manyanta, musamman tsakanin shekara 20 da 40, wato daidai inda kake. Ba za ka wayi gari ka zama mai zuba irin Alhaji ba, kuma babu buƙata. Amma ka ce "albarka" ka kama bakinka ka bar mai saye ya yi nasa tunanin, wannan koyo ake yi, kuma mai shiru ya fi kowa saurin iyawa, tunda shirun da ke takura wasu shi bai dame shi ba.

Kafin ka je wa Alhaji da kowace magana, ka sami ƙaramin littafi. Mako uku, kowane dare bayan isha'i, layi biyu kawai: me na yi yau da lokaci ya wuce ban sani ba, me na yi da ya tsotse ni. Kada ka rubuta "kasuwa", ka rubuta takamaimai: lissafin bashin 'yan sari, ƙirga turamen da suka iso, ciniki da mata huɗu a lokaci guda, zaman jiran mai saye da rana tsaka, faɗan Alhaji a gaban yaran shago. Wannan gwajin ya fi na salula, don a kan ranakunka aka gina shi. Ina zaton za ka tarar awa biyu ko uku ne a cikin wunin ke kashe ka, da kuma kalma ɗaya daga bakin mahaifinka.

Sannan ka tambayi mutane, don ƙeyar mutum sai wani ya gano masa. Imam Gazali, da yake bayanin yadda mutum zai san aibin kansa, hanya huɗu ya kawo: malami mai basira, aboki mai gaskiya, abin da maƙiya ke faɗa a kanka, da lura da abin da kake ƙi a halin wasu. Ka ga uku daga ciki bakin wani ne. Ka zaɓi mutum uku da ba sa tsoron ɓata maka rai: ƙanwarka ko gwaggonka, aboki ɗaya na ƙuruciya, da babban yaron shagon da ya ga zamanka wata takwas. Kada ka nuna musu haruffan. Ka ce: wane abu na fi iyawa, kuma a ina nake cutar kaina? Ka saurara, kada ka kare kanka. Inda bakinsu ya haɗu da abin da ya rage a takardarka bayan soke-soken nan, shi za ka dogara da shi.

Maganar Alhaji kuwa, kada ka kuskura ka kai masa salula ka ce ga abin da ta ce. Mutumin da ke cewa boko ya kashe maka zuciya, ka zo masa da haruffan Nasara a kan ba za ka gaje shi ba, ka tabbatar masa da zarginsa ke nan. Ka kuma dubi abin ta wajensa. Ƙafa tana ciwo, shekaru sun ja, ya ga shagunan abokansa da suka watse bayan rasuwarsu don babu mai riƙewa. Miskilin da yake ce maka, rabinsa tsoro ne. Ba wanke shi nake ba, kalmar tana da zafi, kuma bai kamata a faɗa wa ɗa a gaban yara ba. Amma in ka ji tsoron da ke ƙarƙashinta za ka san irin maganar da za ta shiga kunnensa. Ka same shi a gida, shi kaɗai, bayan ya ci abinci. In nauyin baki ya yi maka yawa ka tafi da baffanka ko amininsa, haka ake yi. Kada ka fara da "ba zan iya ba". Ka fara da abin da za ka ɗauka: "Baba, ina so ka bar mini littafi gaba ɗaya, bashi da sari da ƙirgar kaya da canjin naira da sefa. Bakin shago kuma a sa wane da safe, ni in karɓa bayan azahar in kasuwa ta lafa." Ka roƙe shi ya yanka maka farashin ƙarshe na kowane kaya, wanda ba a sauka ƙasa da shi. In kana da wannan a ka, ja-in-ja ya yi sauƙi, don abin da za ka ce kawai shi ne "Alhaji bai sallama ba". A nan lisans ɗinka zai yi magana. Ran da ka nuna masa a rubuce jaka nawa ke kwance a hannun masu bashi, da wane kaya ne ya shekara bai motsa ba, da wani ido zai kalle ka.

Ka ba wannan tsari wata shida. In bayan nan babu abin da ke faranta maka a shagon, koyarwa ce ke kiran ka, to ka ɗanɗana ta kafin ka yanke: ka ɗauki yara biyu ko uku masu shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ka riƙa koya musu lissafi da yamma. Ka kuma sani aji cike da yara ya fi bakin shago hayaniya. In ka gwada ka ji nan ranka yake, ba laifi ba ne ɗan ɗan kasuwa ya zama malami, kuma a lokacin za ka je wa Alhaji da hujjar da ka gani da idonka, ka bar masa littafi a tsare a hannun wanda ka koya wa riƙe shi.

Batun yarinya ba zan daɗe a kai ba. Masu gwajin na asali da kansu suna gargaɗin kada a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikaci, balle zaɓen matar aure. In ita mai tsari ce mai faɗin abu gaba-gaɗi, kai kuma mai haɗiyewa, ku karanta bayanan juna, kowa ya ce wannan ni ne, wannan ba ni ba ne. Ka gaya mata in ka yi shiru ba fushi ba ne, ita ma ta gaya maka in ta ɗaga murya ba raini ba ne. Hira ce da ma'aurata da yawa ba sa yi sai bayan yaji na farko. Sauran kuma hanyar da ka sani ce: iyaye su yi bincikensu, kai ka yi istihara.

Akwai abin da nake so ka amsa wa kanka da gaskiya. Ka ce kullum kana dawowa kamar an yi maka duka. In gajiyar tana sauka bayan ka yi wanka ka zauna kai kaɗai awa guda, to ta mai shiru ce da ya wuni cikin mutane. Ka nemi wannan awar ka kiyaye ta, ko da zaman masallaci ne tsakanin magariba da isha'i. In kuwa ba ta sauka, barci ya ƙi, abinci ba ya shiga, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, har fada ka daina zuwa, kuma an haura mako biyu a haka, wannan ya wuce hali, babu gwajin salula da zai gano shi. Ka je ka ga likita ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa mini. In ka cika mako ukun nan ka sake rubuto mini, ka gaya mini abin da ya fi yawan fitowa a layi na farko.